Darasi na 7: Mutum Biyu a Haikali, ko Bambancin Lada da Alheri

Wurin karatu: Luka 18:9-14. Ayoyin haddacewa: Afisawa 2:8, 9.

Ga mai koyarwa: A sa mutum biyu su karanta wurin nan da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji shi sau biyu kafin a soma bayani. Kada a gaggauta. Gara a raba darasin kwana biyu da a bar tambayoyin ƙarshe.

1. Waɗanda aka yi misalin dominsu

'Yan'uwa cikin Ubangiji, tun a aya ta 9 Luka ya gaya mana ko su wane ne Yesu ya ke nufi da wannan misali. Su ne mutanen da su ke dogara ga kansu, suna ganin su masu adalci ne, suna kuma rena sauran mutane. Ashe ba a kasuwa a ke samun irin mutanen nan ba, ba kuwa a gidan giya ba. A wurin sujada a ke samunsu. Saboda haka mu da mu ke zaune yau da Littafi Mai Tsarki a hannu, kada kowa ya waiga yana neman wanda maganar ta shafa. Tambayar da ke gabanmu ɗaya ce: a kan me mutum zai tsaya a gaban Allah har Allah ya karɓe shi?

2. Bafarisi

Sau da yawa mu kan ɗauka Bafarisin nan maƙaryaci ne, ko munafuki. Yesu bai faɗi haka ba. Babu inda aka ce ya yi ƙarya cikin abin da ya lissafta. Bai yi ƙwace ba, bai yi zalunci ba, bai yi zina ba. Har ma ya wuce abin da Shari'a ta nema. Azumin da Shari'ar Musa ta wajabta wa dukan jama'a na rana ɗaya ne a shekara, watau Ranar Kafara (Levitikus 16:29-31). Shi kuwa sau biyu ya ke yi kowane mako, bisa ga al'adar masu tsananta ibada cikin Yahudawa, waɗanda su kan yi azumi ran Litinin da ran Alhamis. Shari'a ta umurta a fid da zakka, ɗaya cikin goma, ta hatsi da ruwan inabi da mai (Kubawar Shari'a 14:22, 23). Shi kuwa daga dukan abin da ya samu ya ke fitarwa. A Matta 23:23 mun ga har ganyen miya da kayan yaji Farisawa su kan ƙidaya su fid da zakkarsu.

Da mutumin nan yana cikin ikilisiyarmu, da shi za mu zaɓa dattijo, da shi za mu ba ajiyar kuɗin baiko. To, ina laifinsa? Ku duba addu'arsa da kyau. Ya soma da godiya ga Allah, amma daga nan sai labarin kansa har ƙarshe. Bai roƙi kome ba, gama bai ga abin da ya rasa ba. Ya zo Haikali kamar ɗan ƙwadago da ya gama noma kunyarsa, ya zo karɓar kuɗinsa. Ma'aunin da ya auna kansa da shi kuwa, shi ne mutumin da ke tsaye can baya. Kowa ya auna kansa da maƙwabcinsa zai sami wanda ya fi. Amma Allah ba ya auna mu da maƙwabtanmu, da tsarkinsa ya ke auna mu.

3. Mai karɓar haraji

Romawa sun ci Urushalima shekara 63 kafin haihuwar Kristi, daga shekara ta 6 bayan haihuwarsa kuwa suka sa gwamnansu ya mallaki Yahudiya. A zamanin nan mutum ya kan sayi izinin karɓar kuɗin fito da na hanya a wani wuri, ya biya hukuma abin da aka yanka masa, sa'an nan abin da ya tara bisa wannan ya zama nasa. Shi ya sa cuta ta yi yawa a aikin. Sa'anda masu karɓar haraji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, abin da ya gargaɗe su a kai ke nan, kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade (Luka 3:12, 13). Jama'a suna ganinsu maciya amana ne, masu yi wa baƙi aiki, har a kan haɗa sunansu da na karuwai. Kada mu ƙawata mutumin nan. Mai laifi ne na gaske, shi ma ya sani.

Ya tsaya daga nesa, bai ko ɗaga ido sama ba, yana ta bugun ƙirjinsa, ya kira kansa mai zunubi, ya roƙi jinƙai. Akwai abu guda a nan wanda ya kamata mai koyarwa ya bayyana. Kalmar da Luka ya rubuta da Helenanci a aya ta 13 ba ita ce wadda makafi da kutare su ke kira da ita ba sa'anda su ke neman taimakon Yesu. Kalma ce ta hadaya, ma'anarta a yi kafara domin a kawar da fushi. Tushenta ɗaya da sunan murfin akwatin alkawari, inda babban firist ya kan yayyafa jini a Ranar Kafara, ɗaya kuma da kalmar da Bulus ya kira Kristi da ita a Romawa 3:25. Ku tuna kuma kowace rana a kan yanka ɗan rago biyu a Haikali, ɗaya da safe, ɗaya da maraice (Fitowa 29:38, 39), a lokutan nan ne jama'a su kan taru yin addu'a. Saboda haka roƙon mutumin nan ya fi a ce Allah ya kau da kai daga laifinsa. Yana roƙo ne hadayar da Allah da kansa ya shirya ta zama tasa. Hannunsa wofi ne, begensa duka yana kan jinin wani.

4. Hukuncin Yesu

Yesu ya ce wannan na biyu shi ne ya koma gidansa baratacce, na fari kuwa bai samu ba. Barata kalma ce ta ɗakin shari'a. Alƙali ya saurari ƙara, ya yanke hukunci, ya ce babu sauran magana a kan mutumin nan, a sake shi. Ku lura, a ran nan ya sami wannan hukunci. Bai riga ya mayar da ko anini ba, bai yi azumi ko na yini ɗaya ba.

Wani zai ce, ai wannan rashin adalci ne. Yaya alƙali na gari zai saki mai laifi? Amsar tana cikin wasiƙar da Bulus ya rubuta wa Romawa daga Korinti wajen shekara ta 57. A sura ta 3 ya nuna Bayahude da Ba'al'umme duka sun yi zunubi, babu wanda ya kai ga darajar Allah. Sa'an nan ya nuna Allah bai yafe bashin kamar babu shi ba. An biya shi, a kan giciye aka biya. Hukuncin da ya dace da mu ya sauka a kan Yesu Kristi, adalcinsa kuwa aka lissafta mana. Ta haka Allah ya tabbata mai adalci, ya kuma baratar da wanda ya ba da gaskiya ga Ɗansa.

5. Lada, biki, da alheri

A bakinmu kalmar lada tana da fuska biyu. Abin da a ke biyan wanda ya yi aiki lada ne, abin da mutum ya ke sa rai zai tara wurin Allah ta ibadarsa shi ma lada mu ke ce da shi. Bulus ya taɓa wannan a Romawa 4:4, 5, inda ya nuna abin da a ke ba ma'aikaci hakkinsa ne, ba a ce da shi kyauta. In ceto lada ne, to, Allah ya zama mai cin bashinmu, mu kuwa muna da abin fahariya. Nassi ya rufe wannan ƙofa sarai.

Har kyauta ma iri iri ce. Dukanmu mun san biki. Ran suna ko ran aure mace ta kawo wa ƙawarta mudu biyu na hatsi, ita kuwa ta riƙe a zuci, domin ran da ta ƙawar ta zo sai ta rama, har da ƙari. Al'ada ce mai kyau, tana riƙe zumunci, amma tsakanin tsara da tsara a ke yinta, ga wanda a ke sa rai zai iya ramawa. Da yawa cikinmu suna ɗaukar ceto kamar biki: Allah ya ba ni, ni ma sai in yi ta ramawa da baiko da zuwa sujada har mu yi daidai. 'Yan'uwa, ba mu da abin ramawa. Romawa 5:6-10 ya kira mu marasa ƙarfi, masu zunubi, har magabta, a lokacin da Kristi ya mutu dominmu. Alherin Allah kyauta ce ga wanda bai cancanta ba, wanda kuma ba zai taɓa iya biya ba. Bangaskiya kuwa ba kuɗin saye ba ce, hannu ne kawai da a ke miƙawa a karɓa.

Wannan ba sabuwar koyarwa ba ce. A Farawa 15:6 Ibrahim ya gaskata alkawarin Allah, aka lissafta masa wannan adalci ne. Kaciya ba ta zo ba sai a sura ta 17, yana da shekara 99, Shari'a kuwa sai bayan shekara 430 (Galatiyawa 3:17). Ashe uban masu bangaskiya ya sami karɓuwa tun ba shi da kaciya, tun babu Shari'a.

6. Shaidu biyu

Bulus da kansa Bafarisi ne. A Filibiyawa 3:4-9 ya jera abin da ya ke da shi: kaciya a rana ta takwas, asali daga kabilar Biliyaminu, himma, da kiyaye Shari'a ba abin zargi. Da ya sadu da Kristi a hanyar Dimashƙu, sai ya ɗauke dukan waɗannan daga wajen riba ya sa su wajen hasara, domin ya sami adalcin da ke zuwa daga wurin Allah.

Na biyu shi ne Martin Luther na ƙasar Jamus. Ya shiga gidan masu zaman zuhudu a Erfurt a 1505, ya wahalar da jikinsa da azumi da tsaro da yawan furta zunubi, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, gama kullum yana tambaya ko abin da ya yi ya isa. A 1515 da 1516 ya koyar da wasiƙar Romawa a jami'ar Wittenberg. Cikin binciken wasiƙar nan ne ya gane adalcin Allah da a ke magana a kai a Romawa 1:17 adalci ne wanda Allah ya ke bayarwa ga mai bangaskiya. Dogara ga aiki ta kan kai mutum ɗaya daga wuri biyu: ko girman kai kamar Bafarisi, ko fid da zuciya kamar Luther a kwanakinsa na fari.

7. To, ina amfanin aikin kirki?

Wani zai ce, in haka ne bari mu yi ta zunubi. Bulus ya riga ya ji wannan magana, ya ƙi ta ƙwarai a Romawa 6:1, 2. Ku buɗe Luka 19, ku ga wani mai karɓar haraji, Zakiyus na Yariko. Yesu ya shiga gidansa tun bai gyara kome ba. Bayan haka ne ya tashi ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa wanda ya cuta riɓi huɗu. Ku lura da wanda ya riga wani. Mangwaro ba ya zama mangwaro don ya yi 'ya'ya. Yana yin 'ya'ya don shi mangwaro ne mai rai. Afisawa 2:10 ya nuna an sake halittarmu cikin Kristi domin ayyuka nagari, Yaƙub 2:17 kuwa ya nuna bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba matacciya ce. Wanda ya ce ya sami alheri, amma har yanzu yana riƙe da gonar marayu, yana auna wa mutane da mudun ƙarya, sai ya binciki kansa.

8. Mu fa?

Muna da namu lissafi irin na Bafarisi. Wani ya ce shekara ashirin ke nan da baftismata, katina a cike ya ke. Wani ya ce ban taɓa shiga horon ikilisiya ba. Wata ta ce ba na fashin zumuntar mata. Wani ya ce kakana ne ya fara karɓar bishara a garin nan. Dukan waɗannan abin godiya ne, kada a bar ko ɗaya. Amma ran da mutum ya jingina ransa a kansu, sun zama masa sanda mai gara a ciki. Akwai kuma tarko na ƙarshe: mu gama darasin nan muna gode wa Allah da ba mu zama kamar Bafarisin nan ba. Wanda ya yi haka ya riga ya tsaya a inda Bafarisi ya tsaya.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, da ku ke zama a bencin baya, kuna ganin laifinku ya fi ƙarfin gafara, kuna jira sai kun gyara kanku tukuna ku zo: ku duba wanda ya koma gida baratacce. Ku zo yadda ku ke, ku furta zunubinku, ku dogara ga jinin Yesu. Gyaran zai biyo baya, Ruhu Mai Tsarki ne zai yi shi a cikinku.

Tambayoyi

1. Wane abu ne Bafarisi ya yi wanda ya wuce abin da Shari'a ta nema? Me ya hana shi samun barata?
2. Me mai karɓar haraji ya dogara a kai?
3. Ku bayyana bambancin lada, da biki, da alheri.
4. A labarin Zakiyus, wanne ya riga, karɓuwa ko gyara?
5. Yaya ya kamata mu karɓi ɗan'uwan da ya tuba bayan horo?
6. Kowa ya amsa wannan a zuciyarsa: in an tambaye ni yau dalilin da Allah zai karɓe ni, da sunan wa zan fara?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun zo gabanka hannu wofi. Ka gafarta mana zunubanmu, ka gafarta mana kuma fahariyar da mu ke yi da ayyukanmu nagari. Ka tsare mu daga rena 'yan'uwanmu. Ka sa mu dogara ga Ɗanka kaɗai, mu kuma yi maka hidima da murna saboda alherinka. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.