Yabon Gwani Ya Zama Dole

Duk wanda ya yi tuntuntuni a kan wannan karin magana, lalle kalmar da za ta fara tsayar da shi ita ce "dole", domin magabata, da yake mutane ne masu auna zance, ba su ajiye yabon gwani a babin mustahabbi ba, wanda in an yi a sami lada, in an bari babu laifi, sai suka kai shi matsayin wajibi, kamar bashin da ke wuyan mutum har ya biya.

Hujjarsu tana gona. Ranar gayya, sa'ad da samari suka jeru kowa da garmarsa, ga fura a inuwa, babu wanda aka yi wa alkawarin ko anini, amma da makaɗin noma ya matso bayan wani ya kama kirarinsa, ya ambaci sunan ubansa, sai ka ga saurayin da gumi ya riga ya jiƙe wa taguwa ya sake duƙawa, ya bar sa'o'insa a baya, kamar yanzu ya iso gonar.

Masana halayyar ɗan Adam sun iso ga wannan hikima ta hanyar bincike. A 1959 wani Ba'amurke, Frederick Herzberg, da abokan aikinsa suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh, inda suka nemi kowa ya faɗi lokacin da ya fi jin daɗin aikinsa da lokacin da ya fi ƙinsa. Sai ya bayyana cewa abubuwan da ke jawo ƙorafi, irin su dokokin kamfani da halin shugaba da albashi, dabam suke da waɗanda ke haifar da himma, wato mutum ya ci nasara, a san ya ci, a ɗora masa amana. Gyaran abubuwan farkon, gunaguni kawai yake kashewa.

Kada dai maigida ya fake da wannan ya tauye haƙƙin lebura yana biyan sa da daɗin baki, gama wannan zalunci ne, yabo kuwa ba ya shiga tukunya. Sa'an nan gwani aka ambata, alhali mu yanzu mun saba zuba yabo a kan mai muƙami ko da bai iya komai ba, har gwanin da ke gefe ya karaya. Makaɗin noma ba ya yin haka. Yakan dubi kunyoyi tukuna, ya ga ta wa ta miƙe, sa'an nan ya ja gangarsa can.