Kallon Halitta Tsakanin Antaktika da Fadamar Jega

Masu hali daga Turai da Amurka sukan kashe kuɗi masu yawa su shiga jiragen ruwa zuwa Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, wadda yarjejeniyar 1959 ta keɓe domin zaman lafiya da binciken kimiyya, don kawai su ga manyan dabbobin teku da tsuntsayen da ba sa tashi. Tambayar ita ce ko nisan tafiya yana ƙara wa kallo daraja.

Malamai suna kiran duban halitta domin sanin Mahalicci tafakkuri, kuma sharaɗinsa halartar zuciya, abin da ba ya bukatar guzuri. Manomin Aliero ko Maiyama yana da abin kallo a gida, wato shamuwa, wadda ke isowa daga kudancin Afirka gab da damina, ta haɗa sheƙarta da ƙirare a kan tsamiyar gari, ba mai taɓa ƙwanta.

Amma wahalar tafakkurin tana wajen jan-baki, ƙananan tsuntsayen da ke sauka kamar hayaƙi kan shinkafar fadamar gulbin Zamfara a Jega, yara na kaɗa gwangwanayen da aka ɗaura a igiya tun asuba. Matafiyin Antaktika yana yabon halittar da ba ta ci masa komai ba, alhali ana neman manomin fadamar ya shaida hikimar Allah a cikin tsuntsun da ke cinye abincin iyalinsa, kuma nasa tafakkurin ya fi nauyi nesa ba kusa ba.