Wane Ɗan Adam ne a Cikin Littafin?

A tsarin karatun jami'a da Nijar ke bi, wanda ake kira LMD, ɗalibi kan yi shekara 3 ya sami lisans, sannan in an tantance shi ya ƙara 2 ya sami mastar. Ƙofar da ke tsakanin matakan nan biyu ƙarama ce, kuma a fannin sikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, ita ce ke raba wanda ya ɗanɗani fannin da wanda wata rana za a zaunar da mai damuwa a gabansa. Malamin makarantar da ke aiki a Madarunfa, kilomita 20 da ƴan kai kudu da Maraɗi, in yana da niyyar bin wannan ƙofa a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, dole ya raba darensa tsakanin gyaran kayen ɗalibansa da bitar nasa karatun: ɗakin gwajin da Wundt ya buɗe a Jamus a 1879, ma'aunin basirar da Binet da Simon suka fitar a Faransa a 1905, matakan girman hankalin yaro na Piaget, ra'ayoyin Freud, da lissafin ƙididdiga wanda yawancin ɗalibai suka fi tsoro. Wannan wahala ce sananniya, kuma haƙuri da tsara lokaci na maganinta.

Akwai wata wahalar da ba ta cikin jadawalin bita. Mutumin da waɗannan littattafai ke siffantawa ba a Madarunfa aka haife shi ba. A 2008 wani masani a Amurka, Jeffrey Arnett, ya duba manyan mujallun fannin, ya tarar cewa kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu Amurkawa ne, kashi 96 kuma ƴan ƙasashen Yamma ne, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na al'ummar duniya ba. Duk da haka abin da aka gano a kansu ake rubutawa da sunan "ɗan Adam". Daga nan tambayar ke tasowa: wanda ya haddace wannan siffa, ya zuba ta a takardar jarrabawa domin ya ci, alhali zuciyarsa na gaya masa ba haka mutanen gidansu suke ba, shin munafunci ya yi?

Kunya ta isa misali. Bowlby da Ainsworth sun koyar da cewa lafiyar zuciyar yaro na kafuwa ne a kan shaƙuwarsa da mai renonsa, kuma waɗanda suka biyo su kan auna wannan da yadda uwa ke kallon jaririnta, da yi masa wasa, da magana da shi. To a Madarunfa, kamar sauran ƙasar Hausa, an san uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yaye shi kuma kaka ko gwaggo ta ɗauke shi. Wanda ya zo da takardar awo a hannu zai rubuta cewa wannan uwa ba ta da ɗumin zuciya. Duk wanda ya tashi a irin gidan ya san ƙarya ne: ita ce ke goye da yaron yini guda, ita ce ke farkawa in ya motsa, kuma kawar da kan da take yi girmamawa ce ga surukai da iyaye, a gidan da hannuwa da yawa ke jiran su karɓi yaron. Robert LeVine da Sarah LeVine, waɗanda suka yi bincike cikin Hausawan Najeriya, sun yi amfani da wannan kunyar a littafinsu na 2016 domin nuna cewa reno mai kyau ba fuska ɗaya gare shi ba, kuma wani binciken da suka sa hannu a ciki a 1977 ya nuna jariran Hausawa na shaƙuwa da mai reno fiye da ɗaya.

Sai dai kada a yi gaggawa. Ita Ainsworth ɗin a Uganda ta fara zama da uwaye da jariransu, a 1954 da 1955, kafin ta yi gwajin da ya sa ta yi suna a Amurka. Ashe ra'ayin da ake cewa na Turawa ne, a tsakar gidajen Afirka ya fara tsayawa da ƙafarsa.

Mai shirin jarrabawa yana da hanyoyi biyu masu sauƙi na tsere wa tambayar. Ta farko hadda ce irin ta aku: a cusa, a amayar, a karɓi takarda. Kowa ya san aibinta. Ta biyu ce ta fi haɗari, domin da rigar kishin al'ada take zuwa, kuma a tarukan ƙungiyoyin al'adu akan tafa mata. Ita ce mutum ya ce, "Namu daban ne, wannan duk na Nasara ne," ya rufe littafin tun bai gane shi ba. Sau da yawa lalaci ne ke magana da bakin kishi. Kuma al'adar da ake fakewa da ita ba kullum take da gaskiya ba. Ita ce ta san kunya da kara, ita ce kuma ta sa mai taɓin hankali a mari, ta kira tsohuwar da ta rikice mayya, ta ce wa mai farfaɗiya iska ce ta buge shi alhali akwai ƙwayar da za ta tsayar masa da ita. Wanda bai karanta littafin baƙi da kyau ba, da me zai gane inda gidansu ke yoyo?

Game da munafunci kuwa, malaman zaure sun daɗe da raba ruwaya da fatawa. Wanda aka tambaya abin da Freud ya ce, ya faɗa daidai ba ragi ba ƙari, ruwaya ya yi, kuma amana ce ya cika ta. Ba a ce ya yi shahada a kai ba. Hasali ma wanda ya karkatar da maganar wani domin ta yi sauƙin rushewa shi ne ya ci amana. Saboda haka babu laifi ga ɗalibin da ya zayyana ra'ayin da yake da ja a kansa, ya kuma ci maki da shi.

Inda laifin ke farawa shi ne ranar da ya yarda ya zama mutum biyu waɗanda ba sa gaisawa: ɗaya mai Faransanci wanda ya san sunayen cututtuka, ɗaya Bahaushe wanda ya san mutane, kowanne a ɗakinsa. Mai gyaran takarda a Yamai ba zai gane wannan tsagewa ba, maki ma zai bayar. Akwai gwajin da ɗalibi zai iya yi wa kansa a kowane dare ba tare da ya kashe ko dala ba: duk kalmar da ya haddace, ya faɗe ta da Hausar da mahaifiyarsa za ta gane. A nan ne zai ga harshen ba fanko ba ne. Akwai zuciya mai ɓaci da sanyi da tsinkewa, akwai hankali mai tashi da kwanciya da gushewa, akwai rai, akwai kurwa wadda ake cewa maye na kamawa. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, ya jero siffofi irin su gaskiya, amana, haƙuri, hankali, kunya da mutunci, wato Bahaushe na da nasa ma'aunin cikar mutum. Wata kalmar Faransancin za ta shiga Hausa lafiya lau. Wata za ta ƙi, kuma a wurin da ta ƙi ɗin ne karatun gaske yake: ko dai littafin ya ga abin da Hausa ba ta sa wa suna ba, ko Hausa ta ga abin da littafin ya tsallake.

Wasu sun riga shi bin wannan hanya. A Najeriya, likita Thomas Adeoye Lambo ya fara a 1954 ajiye masu taɓin hankali tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abekuta. A Dakar, Henri Collomb ya buɗe ƙofar asibitin Fann ga iyalai da masu maganin gargajiya. A nan Maraɗi, inda Iya ke shugabantar ƴan bori, Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazarin da ya fito a 1972, tana neman gane abin da bori ke yi wa matan da ke shigarsa. Ta ɓangaren Musulunci kuma, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi rubutu kan baƙin ciki da tsoro da waswasi a matsayin cututtukan da ake jinya, sannan Malik Badri na Sudan ya fitar da littafi a 1979 kan tsaka-mai-wuyar Musulmi masanin wannan fanni.

Abin da ya sa maganar ta wuce gardamar ƴan boko shi ne waɗanda ke jira. Tun yunwar 2005 cibiyoyin kula da yara masu tamowa a jihar Maraɗi suka zama sanannu, kuma kusa da kowane gado akwai uwar da ke zargin kanta. Daga 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, kuma ƙauyukan Madarunfa na bakin iyaka su ma sun san sace mutane domin kuɗin fansa. Matar da aka fanso ba za ta zo da sunan cutar da ke cikin littafi ba. Za ta ce gabanta na faɗuwa, barci ya ƙaurace mata, in ma ta ce wani abu, domin kunya na iya hana ta buɗe baki gaban saurayi sa'an ɗanta. Kowa a gida ya riga ya ce mata ta yi haƙuri, kalmar da wani lokaci magani ce, wani lokaci kuma murfi. Rarrabe waɗannan biyu na bukatar littafin da kuma gidan. Sannan a garin da kowa ya san kakan kowa, riƙe sirrinta ya fi kowane babi na ƙididdiga wuya, kuma babu jarrabawar shiga da ke auna shi.

A bakin tafkin Madarunfa akwai kaburburan da ake dangantawa da waliyyai 99, inda mutane suka daɗe suna kai ziyara da damuwarsu. Mai mastar ɗin in ya dawo, shi ne baƙo a wannan sana'a ta sauraron masu ciwon zuciya. Kafin a iso gare shi an je wurin malam an sha rubutu, wataƙila an je wurin boka, an biya ta asibiti an karɓo ƙwayar ciwon kai. Tambayar farko da za a yi masa ita ce ɗan gidan wa ne shi.