Alamar Mai Zane, Ta Wa Ce?

Duk ɗalibin da ke koyon zane mai motsi, wato katun, akwai ranar da za a ce masa ya ƙirƙiro alama tasa ta kansa, ya kuma haɗa mata sautin da zai dace da ita. Sai ya ɗauki fensir ya zana fitilar da ta kusa mutuwa, ko tsuntsu mai karyayyen fiffike, domin abin yana tuna masa wani al'amari da shi kaɗai ya sani. To, shin zanen da ma'anarsa ke kulle a zuciyar mai shi ya cancanci a kira shi alama? A ganina bai cancanta ba tukuna. Alama amana ce tsakanin mai zane da mai kallo, kuma ba ta cika sai ta sami wanda ya karanta ta.

Hujja ta farko tana cikin kunne. A shekarar 1929 masanin halayyar ɗan Adam Wolfgang Köhler ya nuna wa mutane siffofi biyu, ɗaya mai tsini-tsini, ɗaya mai lanƙwasa, ya ba su ƙagaggun sunaye biyu su raba musu. Mafi yawansu suka ba mai tsinin suna mai kaifi a baki, suka ba ɗayar suna mai taushi. An maimaita irin wannan gwaji a 2001, sakamakon bai sauya ba. Bahaushe ma ya daɗe da sanin haka. Idan ya ce buhu ya faɗi tim, an ji nauyinsa. Idan ya ce yaro ya faɗa rijiya tsundum, an ji zurfin ruwan. Ke nan sauti yana zuwa da siffarsa tun kafin mai zane ya taɓa shi. Abin da ya ɗaga fim ɗin Steamboat Willie na Walt Disney a 1928 shi ne yadda fito da kiɗa suka riƙa faɗawa daidai kan motsi, har ido da kunne suka yarda cewa ɓeran da ke cikin fim ɗin yana raye.

Hujja ta biyu ita ce aikin gwanayen sana'ar. Norman McLaren, wanda ya yi aiki a Hukumar Fina-finai ta Kanada, yakan zana sauti da hannunsa a gefen zaren fim, inda na'ura ke karanta murya. Ɗigo-ɗigo masu kusa da juna su ba da siririyar ƙara, masu tazara su ba da kakkaura. Babu sautin da ya fi wannan zama na mutum shi kaɗai. Duk da haka, a fim ɗinsa Neighbours na 1952, alamar da ya zaɓa kowa ya san ta: fure ɗaya ya tsiro a kan iyakar maƙwabta biyu, suka yi ta faɗa a kansa har suka halaka juna. Haka Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya ƙaro ilimi a wurin McLaren, ya mai da kwaɗi tamkar tambarinsa. A fim ɗinsa Bon Voyage Sim na 1966, kwaɗo ne shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da tafki da damina, ya ji kumburi da hayaniyar kwaɗi, ba ya bukatar a fassara masa.

Wani zai ce idan haka ne ina fasahar mai zane, tunda komai aro ne? Amsa ita ce gishiri na kowa ne, amma miyar kowace mace da ɗanɗanonta. Kwaɗo ya riga Alassane zuwa duniya, amma shi ya ɗora shi a kan kujerar mulki. Wani kuma zai ce ai kowace alama ana iya koya wa mutane ita ta hanyar maimaitawa, ko da ba ta da tushe a abin da suka sani. Wannan gaskiya ne, domin dagin Arewa ma sai da ido ya saba da shi a bangon gida da wuyan riga kafin ya zama abin da ya zama. Amma wannan ƙarfafa maganata ya yi, tunda sabo aikin jama'a ne. Mai zane na iya shuka ma'ana, amma a zukatan masu kallo take tsirowa, kuma gajeren fim na minti uku ba shi da shekarun jira.

Saboda haka, ɗalibi, ka riƙe sirrin da ya haifi alamarka, domin shi ne ke ba hannunka gaskiya. Amma kafin ka ce ka gama, nuna wa wanda bai san labarinka ba, ka yi shiru, ka dubi fuskarsa. Idan ya ji nauyin abin ba tare da ka buɗe baki ba, alamarka ta cika. Idan kuwa sai ka yi bayani, koma kan teburinka, da sauran aiki.