Haƙƙin Mai Gida da Ɗan Haya

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa, ka sani haya ba ta inganta sai an san kuɗin, an san wa'adin. To, ku rubuta. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, da umurnin rubuta bashi ta fara.

Dubi dokar haya da Jihar Legas ta kafa a 2011. Ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da shekara 1 daga sabon ɗan haya. Wanda ya saɓa, tarar N100,000 ko ɗaurin wata 3. Ta wajabta ba da rasit. In ba su ajiye wani sharaɗi ba, mai biyan wata-wata a ba shi notis na wata 1, mai biyan shekara kuwa wata 6.

Kai mai gida da kake cire ƙofa, ka watsar da iyalin bawan Allah a titi ba da hukuncin kotu ba, me za ka ce ranar hisabi? Kai kuma ɗan haya, ga kuɗi a aljihu kana ta "gobe, jibi", wallahi zalunci ne.

Allah Ya kiyashe mu cin haƙƙin mutane, amin.