Marubuci Da Masoyansa: Ina Iyakar Zaure?

Duk wanda ya taɓa buga littafi ya san cewa daga ranar da littafin ya shiga kasuwa ya yi sababbin dangi waɗanda bai taɓa sa su a ido ba. Wasu za su aiko da gaisuwa, wasu da gyara, wasu kuma su yi tattaki takanas domin kawai su ga fuskar wanda ya hana su barci. Wannan abin farin ciki ne, domin marubucin da ba shi da masu karatu tamkar makaɗi ne a kufai. Sai dai kuma zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Dangin nan sukan zo da buƙatunsu, kuma sau da yawa sukan gabatar da su da murya irin ta mai bin bashi. Abin da wannan maƙala take son dubawa shi ne, wane haƙƙi mai karatu yake da shi a kan marubuci, kuma a ina haƙƙin ya tsaya?

Yadda Nesa Ta Zo Kusa

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda aka yi marubuci da mai karatu suka matso kusa da juna haka. A zamanin gasar 1933, wadda Dokta R. M. East ya shirya a Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar, hukuma ce take karɓar rubutu, ta tace, ta buga, ta raba a makarantu. Haka abin ya ci gaba har bayan kafa kamfanin NNPC a 1966. Ɗan makarantar da ya karanta littattafan marigayi Abubakar Imam a Gumel ko Argungu ya san sunan mutumin, amma bai san ƙofar gidansa ba. Kamfanin ɗab'i ya zame wata katanga tsakaninsu.

Katangar ta fara rushewa ne a shekarun 1980, musamman bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo shirin SAP na 1986, lokacin da takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta. Sai matasa, maza da mata, suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. A wannan yanayi ne Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka bayyana a Kano. Marubuci ya zama shi ne mawallafi, shi ne mai kai kaya kasuwar Sabon Gari, shi ne kuma mai bin bashi. Ya sa hotonsa da adireshinsa a jikin littafi, wasiƙu suka yi ta kwararowa. Kuma saboda ƙarancin jari, sai aka riƙa yanka labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, kuɗin na ɗaya su buga na biyu.

Da wayar hannu ta shiga kowane ɗaki, sai ragowar katangar ta faɗi. Marubuciya takan saki shafi da daddare a zauren WhatsApp wanda masu karatu suka biya kuɗin shiga, kafin gari ya waye ta ji ra'ayin kowa, har da wanda ke neman a kashe kishiya a shafi na gaba. Abin da wasiƙa ke ɗaukar mako biyu kafin ta isar, yanzu minti biyu ya ishe shi.

Taron Masoya

A ƙasar Amurka wannan kusanci ya daɗe da samun dandalinsa. A 1939 masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya, kimanin mutum 200, suka taru a birnin Niyu Yok, suka yi taron da aka sani da Worldcon. Daga 1953 aka soma ba da kyautar Hugo a wajen taron, wadda mahalarta ne da kansu suke zaɓen wanda ya cancance ta. Taron Comic-Con na birnin San Diyego ya fara a 1970 da mutum wajen 300, daga baya masu halartarsa suka haura 130,000. A irin waɗannan taruka mai karatu yakan bi dogon layi domin marubuci ya sa masa hannu a littafi, wani ma ya zo sanye da kayan tauraron labarin da yake ƙauna. Kamfanonin ɗab'i kuwa sun gano cewa nan kasuwa ce, saboda haka suka mai da fuskar marubuci da hirarsa wani ɓangare na hajar da ake sayarwa.

Mu ma a nan gida mun fara ɗanɗana irin wannan haɗuwa, kamar a bikin littattafai na KABAFEST da aka soma a Kaduna a 2017, da na HIBAF da aka soma a garin a 2021, ga kuma bukukuwan ƙaddamar da littafi da tarukan ƙungiyoyin marubuta. Gani ya kori ji. To amma da zarar an ga juna, sai buƙatu su ƙaru. In mun tattara su za mu ga iri uku ne, kuma kowacce da hukuncinta.

Buƙata Ta Farko: A Ƙarasa Mana Labari

Wannan buƙata haƙƙi ce tsantsa, babu ja a cikinta. Wanda ya sayi littafi na ɗaya bai saye shi don ya tsaya a nan ba. Ya saye shi ne bisa alkawarin da ke shafin ƙarshe cewa a saurari na biyu. Haka wadda ta tura kuɗinta ta shiga zaure, ta biya ne domin labari cikakke. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Marubucin da ya karɓi kuɗi ya yi ɓatan dabo, ko ya bar labari a rataye ya buɗe sabo saboda ya hango wata ribar, ba shi da bambanci da telan da ya karɓi ɗinkin salla ya kulle shago.

A ƙarƙashin wannan haƙƙi akwai wani mai kama da shi, wato kada a yi wa mai karatu algus. Labarin da littafi ɗaya zai ɗauke, in aka ja shi ya kai huɗu ta hanyar cusa kwatancen kwalliya da girke-girke da jerin gwanon motoci, to an zuba wa nono ruwa ke nan. Mai karatu yana da ikon ya yi ƙorafi, marubuci kuma ba shi da ikon ya kira ƙorafin hassada.

Sai dai alkawarin ƙarasawa daban ne da alkawarin ƙarasawa gobe. Yawancin marubutanmu ba da rubutu kaɗai suke ci ba. Wannan malamin makaranta ne, waccan ma'aikaciyar asibiti ce, wata kuwa uwar 'ya'ya biyar ce da ba ta samun alƙalami sai bayan kowa ya kwanta. Yaro yakan yi zazzaɓi, ana yin rasuwa, wuta takan ɗauke, wani lokaci ma kan ne kawai yake toshewa. Abin da ya wajaba ga marubuci shi ne ya sanar, in ya gaza kuma ya mayar da kuɗi. Abin da ya wajaba ga mai karatu shi ne ya tuna cewa ba famfo yake murɗawa ba.

Buƙata Ta Biyu: A Juya Mana Labari

A watan Disamba na 1893 Arthur Conan Doyle, marubucin ƙasar Birtaniya, ya gaji da tauraronsa Sherlock Holmes, ya jefa shi cikin wani kwazazzabon ruwa a ƙasar Suwizalan domin ya samu sarari ya rubuta abin da yake ganin ya fi muhimmanci. Masu karatu suka yi ca a kansa. Bayan shekara goma, a 1903, da matsin masoya da tayin kuɗin mawallafa suka haɗu, sai ya tashe shi daga matattu. Masoya sun yi nasara, kuma ba za a ce duniyar adabi ta yi hasara ba.

Wani zai kafa hujja da wannan ya ce ashe mai karatu ne ubangida. Zai ƙara da cewa ai a ƙasar Hausa mai fasaha bai taɓa zama ba ubangida ba. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, kuma bai rage masa komai ba. Ko tatsuniya sai masu saurare sun amsa kafin mai bayarwa ta ci gaba. Me zai sa marubucin yau ya ɗaga hanci ga wanda ke ciyar da shi?

Hujjar tana da ƙarfi, amma tana da gurbi. Sarki yakan ba mawaƙi doki da riga, yakan kuma faɗi abin da yake so a ambata, amma ba ya zama ya jera masa ɗiyan waƙa. Da zai iya, da bai nemi mawaƙi ba. Abin da mai karatu yake biya shi ne ya ji abin da shi kansa ba zai iya ƙagowa ba. In marubuci ya koma ƙidayar ƙuri'a kowane dare, mugu ya mutu saboda an tsane shi, masoya su yi aure saboda an matsa, to mai karatu zai wayi gari yana karanta tunaninsa ne da aka dawo masa da shi a sabon mazubi. Wannan na daga cikin dalilan da suke sa labarai su yi ta kama da juna, domin abin da ya ci kasuwa jiya shi jama'a za su nema yau. Littattafan da suka taɓo auren dole da wulaƙancin saki da hana mata ilimi sun ɓata wa mutane da yawa rai a lokacinsu, kuma da ra'ayin masu rinjaye aka bi da ba a rubuta su ba. Saboda haka buƙata ta biyu shawara ce. A saurare ta da ladabi, a auna ta, a ɗauka ko a bari.

Buƙata Ta Uku: A Buɗe Mana Gida

Nan ne maganar ta fi nauyi. Bahaushe ya gina gidansa da zaure. Baƙo komai girmansa a zaure ake saukarsa, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa da abinci, a yi hira har dare, amma ba ya zarcewa cikin gida sai da iznin mai gida, kuma babu wanda ya taɓa kiran wannan rowa. Littafi zauren marubuci ne. Taron masoya ma zaure ne, sai dai ya fi faɗi. Abin da ke bayan zauren, aurensa da 'ya'yansa da rashin lafiyarsa da talaucinsa, ba ya cikin kuɗin littafi.

Marubuciyar nan ta ƙasar Italiya mai amfani da sunan Elena Ferrante ta ɓoye kanta tun littafinta na farko a 1992. A 2016 wani ɗan jarida ya bi diddigin takardun kuɗi ya buga sunan wadda yake zaton ita ce. Masu karatu da dama sun yi tir da shi, kuma suna da gaskiya, domin bai ƙara wa littattafan ko wasali ɗaya ba, illa dai ya tsallaka katangar da mai ita ta gina da gangan.

A wajenmu abin ya fi shafar mata. Marubuciya ta rubuta labarin mugun miji, sai a ce da mijinta take. Ta rubuta makircin kishiya, sai a fara leƙen gidanta. Ta iya kalaman soyayya, sai a tambayi inda ta koya. Wani ya samu lambarta ya kira da tsakar dare, yana ganin tun da ya karanta littattafanta biyar ai sun zama ɗaya. Ba abin mamaki ba ne da yawancinsu suke fakewa da sunan 'ya'yansu ko wani laƙabi. Irin wannan zato yana iya girgiza aure, yana iya sa miji ko uba ya ce a ajiye alƙalami, kuma duk wadda ta ajiye, masoyan da suka jawo haka su ne farkon masu hasara. Sanin da mai karatu ya yi wa marubuci sani ne na gefe guda. Shi yana jin ya san ta ciki da bai, ita kuwa ko sunansa ba ta taɓa ji ba. Ƙauna ta gaskiya takan gane wannan ta tsaya inda aka tsai da ita.

Namu Kason

Adalci bai yarda mu ɗora wa masu karatu laifin duka ba. Marubucin da ya mai da cikin gidansa talla, yau hoton ɗaki, gobe labarin faɗansa da dangi, duk don haja ta shiga, shi ya ɗage labule da hannunsa, kuma ba shi da bakin kuka in an leƙa. Haka wanda yake tara masoya ya mai da su 'yan kore, in manazarci ya soki littafinsa ko wani marubuci ya saɓa masa sai ya sake su a kansa, ya ci amanar ƙaunar da aka ba shi. Mutanen nan karatu ya kawo su. Kuma wanda ya zo taro daga Zindar ko Gusau da kuɗin motarsa don ya gaishe ka, ya cancanci sakin fuska da amsa mai daɗi, ko da tambayarsa an yi maka ita sau ɗari.

Kammalawa

A taƙaice, mai karatu yana bin marubuci labari cikakke marar algus, da kunnen saurare, da mutuntawa in an haɗu. Marubuci kuma yana bin mai karatu haƙuri, da 'yancin kai labarinsa inda ya ga ya dace, da sirrin gidansa. Ya kamata ƙungiyoyinmu su mai da wannan rubutacciyar ƙa'ida, a riƙa karanta ta a farkon kowane taro, a kuma liƙa ta a kowane zauren karatu na waya, ta yadda mai karɓar kuɗi zai san ranar cika alkawari, mai biya kuma ya san inda tabarmarsa ta ƙare.