Gumi Ake Ɗorawa a Kan Sa'a

Sannu tela mai taka keke tun hantsi, sannu makanike mai baƙin mai har gwiwar hannu, sannu baiwar Allah mai tuyar ƙosai da ta riga zakara tashi, sannu ɗan kasuwa mai lissafin ribar sisi da kwabo. Yau labarin wasa na kawo muku, wasan kwamfuta mai suna Baldur's Gate 3. Kada wani ya ce me ya haɗa mai neman abinci da wasa. Wannan wasan tun daga tushe har rassa gumin masu nema ne, kuma dokokinsa suna faɗar abin da kowane mai sana'a ya sani a jikinsa. Ku gyara zama, maganar taku ce.

A ƙarshen shekarar 1970, wani magidanci mai suna Gary Gygax, mazaunin ƙaramin garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka, ya rasa aikinsa a kamfanin inshora. 'Ya'ya biyar gare shi. Ya gwada cin abinci da ƙirƙirar wasanni, amma abin da ya samu a duk shekarar 1971 bai kai dala 900 ba. Ya zauna ya rafka tagumi? Ina! Ya nemi kayan aiki ya zama shumeka, yana gyaran takalma a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa. Hannu na kan guduma da ƙusa, hankali na kan abin da ya sa a gaba. Shi da wani matashi, Dave Arneson, suka tsara irin wasan da ba a saba gani ba. Mutane za su kewaye tebur, ɗaya ya zama mai ba da labari, ya ce ga kogo, ga dodo, ga ƙofa a kulle. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya faɗi abin da zai yi, sannan a jefa dayis a ga ko abin ya yiwu. Suka kai wa kamfanonin buga wasanni, aka ce ba a so. Sai Gygax da abokinsa na ƙuruciya, Don Kaye, kowa ya zuba dala 1,000 suka kafa nasu kamfanin mai suna TSR a 1973, daga baya Brian Blume ya ƙaro jari. A watan Janairun 1974 suka buga kwafi 1,000 na Dungeons & Dragons, 'yan littattafai uku a cikin kwali, dala 10 kuɗinsa. Shekara ba ta zagayo ba suka ƙare ƙaf. Yau shekara 50 da ɗoriya ke nan ana buga wasan a faɗin duniya. Daga bencin shumeka fa! To wa ya ce maka bencinka ya yi kaɗan?

Da wasan ya tashi daga kan tebur zai shiga kwamfuta, hannaye da yawa ne suka ɗauke shi. Cikinsu akwai matasan likitoci uku a birnin Edmonton na Kanada, Ray Muzyka da Greg Zeschuk da Augustine Yip, waɗanda suka kafa BioWare a 1995. Biyun farko suna duba marasa lafiya suna kuma gina wasa, har Baldur's Gate na farko ya fito a 1998, na biyu ya biyo baya a 2000. Kai da ke haɗa aikin ofis da kiwon kaji, ke da ke koyarwa da safe ki hau keken ɗinki da yamma, kun ga 'yan'uwanku?

Amma in ana maganar wanda ya dafa dutse har ya sha romonsa, sai a je birnin Ghent na ƙasar Beljiyam. A can Swen Vincke ya kafa kamfanin Larian a 1996. Babban aikin da suka fara ɗora wa rai ya rushe tun kafin ya isa kasuwa. A 2002 suka fitar da Divine Divinity, aka yaba, aka saya, sai dai irin yarjejeniyar da suka sa wa hannu ta sa ribar ba ta iso gidansu ba. Ma'aikata kusan 30 suka watse, aka koma mutum 3. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan ciwon: kaya naka, gumi naka, kuɗin a aljihun wani. Me suka yi? Suka karɓi aikin haɗa wasannin yara na wata tashar talabijin ta ƙasarsu don kada a rufe ƙofa. Ba su raina ƙaramin aiki ba, shi ya riƙe su har babban ya zo.

A 2013 suka fito fili suka nemi gudummawar jama'a a dandalin Kickstarter. Dala 400,000 suka roƙa, mutane sama da 19,000 suka tara musu fiye da 940,000. Suka haɗa da duk abin da suka mallaka suka fitar da Divinity: Original Sin a 2014, kasuwa ta karɓa. Da ƙarfinsa Vincke ya tunkari Wizards of the Coast, masu mallakar Dungeons & Dragons, ya ce a ba shi damar yin Baldur's Gate na uku. Aka ce masa bai kai ba tukuna. Bai yi fushi ya zauna yana ƙorafi ba. Ya koma ya duƙufa a kan Original Sin na biyu, wanda ya fito a 2017, kuma tun kafin ya fito, waɗanda suka ce masa a'a su suka neme shi da kansu. A watan Oktoban 2020 Larian ta saki kashin farko na wasan, ta yi kusan shekara 3 tana sauraron koke-koken masu bugawa tana gyara. Ranar 3 ga Agustan 2023 cikakken wasan ya fito. Vincke ya shaida wa ma'aikatansa su shirya wa mutum 100,000 a lokaci guda, sai ga sama da 875,000 a dandalin Steam kaɗai. A watan Disambar shekarar ya hau dandamali a Los Angeles sanye da sulke ya karɓi kyautar gwarzon wasan shekara. Shekara 27 tsakanin buɗe ƙofa da wannan daren. Kai da ka buɗe shago bara, har ka fara cewa ka gaji?

Yanzu mu shiga cikin wasan. Tatsuniya ce ta dodanni da bokaye da mayaƙa, kuma ta manya ce, ba a yi ta don yara ba. Za ka farka a cikin jirgin wasu dodanni da suka kama ka suka sa maka tsutsa ta ido, wadda in ba ka samu magani ba za ta mai da kai irinsu. Jirgin ya faɗo, ka buɗe ido a bakin ruwa, daga kai sai 'yan tsummokaranka da makami ɗaya. Kana mataki na 1, ƙarshen matakai kuwa 12 ne. Akwai sana'o'i 12 da za ka zaɓa, ko mayaƙi, ko mai warkarwa, ko mawaƙi, ko mafarauci, amma duk wadda ka ɗauka daga ƙasa za ka fara. Kowace ƙwarewa sai ka nemo ta: ka ci yaƙi, ka gano ɓoyayyen wuri, ka kashe wutar rigima da daɗin baki. Babu shagon da ke sayar da mataki, ko nawa gare ka. Ogan da kake gani yau da yara goma a gareji, ai shi ma da wankin sifana ya fara.

Ga inda zuciyar wasan take. Duk lokacin da za ka yi abu mai wuya, dayis zai bayyana a allo, irin na ludo, sai dai shi fuska 20 gare shi, kuma babu kuɗin da aka ɗora a kai balle a kira shi caca. Mu ce ƙofa ce a kulle, kuma wasan ya ce sai da 15 za ta buɗu. Sabon shiga, wanda bai da komai a hannu, sai dayis ya ba shi 15 ko sama, wato fuska 6 kacal cikin 20. Gwani kuwa, wanda ya sha buɗe makullai har ƙwarewarsa ta kai ƙarin 9, ko 6 ya jefa ta ishe shi, wato fuska 15 cikin 20. Ƙofa ɗaya, dayis ɗaya, hannu ne ya bambanta. Abin da dayis zai nuna ba ya hannunka, kamar yadda farashin buhu gobe da saukar damina da zuwan mai saye ba sa hannunka. Rabo na Allah ne. Amma lambar da ake ɗorawa a kai, wannan taka ce. Asubancinka ne, amanarka ce, ɗinkin da ka warware ka sake don bai yi maka ba, littafin bashin da kake rubutawa tsaf, sabon injin da ka tsaya ka koya lokacin da wasu ke hira. Ɗora, ɗan'uwa! Ɗora, 'yar'uwa! Kowace rana ƙara ɗaya.

Shin gwani ba ya faɗuwa? Yana faɗuwa mana. A wannan wasan, in dayis ya nuna 1, komai ƙwarewarka ka sha ƙasa. Akwai ranar da za ka yi komai daidai kasuwa ta ƙi, kaya su lalace a hanya, wanda ka ba bashi ya kashe waya. To amma dubi abin da wasan ke yi: labari ba ya tsayawa. Makulli ya ƙi? Fasa ƙofar. Ta fi ƙarfinka? Zagaya ta baya, hau ta rufi, ko ka je ka shawo kan mai riƙe da mabuɗi. Sau da yawa hanyar da faɗuwa ta tura ka ita ke kai ka ga abin da masu sa'ar farko ba su taɓa gani ba. Kuma in dayis ya nuna 20, ko ƙofar da ta fi ƙarfinka sai ta buɗu. Sai dai wanda bai jefa ba, ba ya samun 20. Mai nema yana tare da samu, zomo kuwa ba ya kamuwa daga zaune.

Sannan ba a tafiya kai kaɗai. Mutum 4 ke fita tare, kowa da abin da ya iya. Mai ƙarfi ya tare gaba, mai warkarwa ta tsaya a baya, mai saurin hannu ya kwance tarko, mai iya magana ya yi ciniki. Kafin ka jefa dayis, abokin tafiya zai iya ƙara maka daga 1 zuwa 4, kuma sau nawa wannan ɗan ƙarin ke raba nasara da asara! In ka faɗi a fagen fama, wani zai bar abin da yake yi ya zo ya ɗaga ka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Riƙe 'yan adashenki da amana, Hajiya. Girmama wanda ya koya maka, Malam. Yaron shagonka kuma koya masa da zuciya ɗaya, gobe shi zai tare maka gaba.

A duk jaruman wasan, wanda nake so masu sana'a su sani shi ne Dammon, maƙeri ɗan gudun hijira. Za ka same shi a sansanin waɗanda aka koro daga garinsu, da 'yar maƙerarsa da kayan aiki kaɗan. Sai ga Karlach, jaruma mai ƙarfin gaske, wadda aka sayar aka cire mata zuciya aka sa mata inji, ta yi shekara 10 tana yaƙin dole. Injin yana zafi har babu mai iya taɓa ta. Masu sihiri na nan, masu takobi na nan, amma wa ya iya taimakonta? Maƙeri. Ka kawo masa ƙarfen da ya dace, ya duba, ya saurari bugun injin, ya ɗora a kan uwar maƙera ya yi ta duka. Bayan gyara na biyu, Karlach ta iya rungumar wani mai rai karo na farko cikin shekaru. In kuma Dammon ya tsira daga wahalhalun hanya, za ka tarar da shi a cikin birnin Baldur's Gate da cikakkiyar maƙera, makamai jere ana ciniki. Kai mai walda, kai mai gyaran janareta, ke mai ɗinkin kayan makaranta, kun san rayuka nawa ke tafiya daidai saboda aikin hannunku? Ku ɗaga kai!

Ko hutu ma wasan bai bar shi a banza ba. In dare ya yi kuna son cikakken barcin da zai dawo da ƙarfi, sai kun kawo guzuri na 40. Burodin da ka tsinta da rana, kifin nan, tuffar nan, cukun nan da ka ga kamar ba komai ba ne, su za su ciyar da tawaga da dare. Wanda ya ƙi hutawa kuma zai shiga yaƙin gobe da rabin ƙarfi. Don haka ka yi tanadi ko kaɗan ne, ka kwanta da wuri in ka samu dama, ka kula da lafiyarka. Jikinka shi ne jarinka na farko.

Ko ka taɓa buga wannan wasan ko ba ka taɓa ba, dokarsa ka daɗe kana aiki da ita. Wahala gaskiya ce, tsadar kaya gaskiya ce, rashin wuta gaskiya ne, amma ƙwarewarka ma gaskiya ce, kuma babu mai ƙwace maka ita. An ce maka ba ka kai ba? Koma ka ƙara gogewa har su neme ka da kansu. Jari ya karye? Kama ƙaramin aiki ka riƙe ƙofa a buɗe. Yau ka jefa 1? Gobe ma rana ce. Himma ba ta ga rago. Tashi ka buɗe shago, hura wuta, taka keke, ɗauki guduma, yi bismillah ka sake jefawa. Allah ya sa wa nema albarka, ya ba mu sa'a, mu kuma mu kawo gumi!